Ƙwaryar da Daso Ta Tafi da Ita

Da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Talata, yayata Hauwa'u, wadda kowa ke kira Kulu, ta cika a ɗakinta, a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanzomo. Mu uku ne a wurin: ni, da 'yarta Talatu, da maƙwabciyarta Inna Kande wadda ke tallafe da kanta. Na san lokacin daidai domin ina ɗaure da agogo, kuma ni ba na barin abu ya wuce ban duba agogo ba. A wannan watan shekara hamsin ke nan cif. Inna Kande ta bi ta bayan 'yan shekaru. Talatu ma ta riga mu gidan gaskiya. Saura ni kaɗai cikin waɗanda suka ji maganarta ta ƙarshe. Maganar kuwa aike ne ta yi mini, kuma har yau ban je ba.

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna ya tsaya a aji bakwai na firamare, sai horon wata shida da aka yi mana kafin a ba mu kaki. Aikin duba-gari na yi a ƙasar Gumel har na yi ritaya. Don haka zan rubuta wannan kamar yadda na saba rubuta rahoto: abin da ya fara faruwa shi zan fara faɗa.

Yaran yanzu ba su san duba-gari ba, to bari in gaya musu. Mu ne muke shiga gida gida da kaki da doguwar safa, da ludayi a hannu. Mu leƙa randa, mu duba masai, mu zagaya bayan ɗaki. In muka ga tsutsa a ruwa, a zubar. In mai gida ya yi gardama, a fasa randar. In muka ga juji a cikin gida, a kwashe a ƙone. Mata na jin ƙararrawar kekena sai a hau shara da gudu. A lokacin ina ɗan shekara ashirin da huɗu, kuma ina jin daɗin wannan tsoron da ake yi mini. Na faɗi wannan tun yanzu domin a fahimci abin da zai biyo baya.

Yaya Kulu ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ita ta goye ni da mahaifiyarmu ta rasu, ita ta yaye ni, ita ta tsaya kai da fata aka sa ni a makaranta. Ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba, wato Garba. Auta take ce mini, ko a gaban wa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gona da rumbunan ƙasa guda uku a bayan ɗaki. Talatu ce babba, sauran ukun ƙanana ne.

Sai fari ya zo, a shekarar nan da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira. Waɗanda suka gani ba sa bukatar in kwatanta musu, waɗanda ba su gani ba kuwa ba za su gane ba. An yi ruwa ɗaya mai kyau, mutane suka fita suka yi shuka, daga nan sama ta ɗauke. Gero ya tsiro ya ƙone a tsaye. Shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya. Kullum mutane na gangarowa daga arewa ta Maigatari, da jakuna da yara, ba su san inda za su ba. Rumbunan Yaya uku suka zama wayam.

Bayan wannan ruwa ɗaya ne ta ga naman kaza ya fito a kan wani tsohon tarin ƙaiƙayi da ke masussuka. Yawancin mutanenmu laimar kwaɗi suke ce wa duk wani abu mai kama da shi, kuma ba sa ko taɓawa. Amma mahaifiyarmu ta san mai ciyuwa da mai kisa, ta kuwa nuna wa Yaya tun tana yarinya. Ba zan kwatanta shi a nan ba, don kada wani ya shiga daji da kwatancena ya kwaso ajalinsa. Ta tsinka ta yi wa yara miya. Kwana uku ya ƙare. Ta koma ta tsaya a kan tarin tana jin haushin abin da ya zo ya tafi.

A nan Daso ta shigo. Daso Bafillatana ce mai kawo nono daga wata ruga da ke tsakaninmu da Maigatari, ƙawar Yaya ce tun suna 'yan mata. A shekarar nan ba ta da nonon kawowa, zuwa kawai take yi su zauna. Yaya ta ba ni labari cewa Daso ta tona tarin da kara, ta ga wani farin abu ya bi cikin ƙaiƙayin kamar saƙar gizo, sai ta ce mata, "Kulu, ke ba kya ganin yadda muke yi da nono? Ai ba a wanke ƙwarya tas. A rage kaɗan na jiya, a zuba wa madarar yau, da safe ta yi barci. Wannan farin shi ne na jiyan. Ɗebi ki zuba wa sabo mu gani."

Haka suka yi, kuma ga yadda aikin ya zauna bayan sun sha ɓata. Da farko a tara ƙaiƙayin gero da ɓawon gyaɗa da karmami, a jiƙa, a bari ya kwana biyu har ya yi ɗumi. Sannan a zuba a cikin rumbu, tunda dai babu hatsin da zai shiga. Bayan haka a ɗebo cikin ƙwarya ɗaya daga tsohon tari mai farin zaren nan, a yayyafa a tsakiya. Shi suke kira iri. A rufe bakin rumbun da jiƙaƙƙen buhu. Ruwa kuwa, a shekarar da ake kwana a layin rijiya, ba sabon ruwa take ba shi ba. Kasko take ajiyewa a inda ake alwala, ta haɗa da ruwan wanke-wanken da ba sabulu, da tsari in an samu abin surfawa. Safe da yamma take yayyafawa da tsintsiya. Cikin mako biyu sai ya fara fitowa, ko da ana tsakiyar zafin bazara. In rumbu ɗaya ya gaji, na biyu ya kama, na uku kuma ana shirya shi. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: kafin a zubar da tsohon tari, dole a cika ƙwarya a ajiye. In iri ya yanke, aiki ya mutu.

Tana shanya shi a kan faifai, ta tsira a zare. Ran Alhamis ta tafi kasuwar Maigatari. Direbobin manyan motoci 'yan kudu suka fara saye, domin su abincinsu ne a can. Daga baya yunwa ta cire wa namu mutanen kunya, mata suka riƙa zuwa a ɓoye suna musaya da ɗan gero ko kanwa. Da wannan ta riƙe 'ya'ya huɗu ba ta roƙi kowa ba.

Ni ban san ana yi ba. Na je gida sau uku ina cin tuwo da wata miyar kuka mai daɗin da ban saba ji ba. A zuwa na uku na ce, "Yaya, ina kike samun nama a wannan shekara?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Naman da ba a yanka ba ke nan, Auta. Suɗe kwanon tukuna, kada in nuna maka ka fasa."

Da na gama ta ja ni bayan ɗaki ta ɗaga buhun. Wani ƙamshi ya bugo ni, kamar na ƙasa in ruwan farko ya sauka, gauraye da tsamin tsari. Ta nuna mini komai daki-daki, domin ta san halina. Ta kuma lissafa mini matan da ta koya wa ta ba su iri: Inna Kande, da Azumi matar maƙeri, da Lami, da Gambo, sai ita Daso a ruga. Da alfahari ta faɗi sunayen nan. Ta ɗauka ƙaninta mai ilimin boko zai ce ta yi ƙoƙari. Na riƙe sunayen a kaina bi da bi, yadda ta faɗe su.

Abu biyu suka faru bayan haka. Na farko, labari ya zo ofis cewa a wani ƙauye a ƙasar Gagarawa wasu mutanen gida ɗaya sun tsinko laimar kwaɗi a daji sun dafa, yara biyu sun mutu. Na biyu, a ranar da ake maganar, wani abokin aikina da muke yawan takun-saƙa ya ce a gaban kowa, "Su Malam Garba ana ta fasa randunan bayin Allah, ashe a gidan Yaya juji uku ake shayarwa safe da yamma kamar jarirai." Aka yi dariya.

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa abu na farko ne ya tashe ni. Yau ina rubutawa da hannuna cewa na biyun ne. Babu wanda ya aike ni. Babu wata takarda da ta ambaci rumbun Yaya. Akwai dai ƙa'idar da ta hana ajiye jiƙaƙƙen juji a cikin gida, ni kuma na ɗauke ta na tafi da ita inda nake so.

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe na isa da lebura biyu da galan na kananzir. Na same ta tana tankaɗe.

"Auta, lafiya da kaki tun da safe?"

"Aiki na zo yi."

"To bismilla, ga randa can. Ruwan ma bai kai ludayinka ya nutse ba."

"Ba randa na zo dubawa ba."

Ta dubi leburorin, ta dubi galan ɗin, ta ajiye rariya. Ba ta yi ihu ba. Tana tsaye aka kwashe rumbu na farko aka baza a fili, aka kwashe na biyu. Da aka zo na uku sai ta je ta tsaya a bakinsa.

"Ka ɗauki biyu, bar mini wannan."

Na ce a'a.

"To bar ni in cika ƙwarya ɗaya. Ɗaya tak, Auta. Waɗancan bayin Allah na daji suka ci, ba nawa ba. Kai ma ka ci nawa sau uku, ga ka nan tsaye kan ƙafarka."

Na ce, "Doka ba ta ce a rage ƙwarya ɗaya ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta matsa gefe. Jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ba ya kamawa da sauri. Sai da muka ƙarar da rabin galan, hayaƙi fari mai kauri ya tashi ya rufe gidan, yara na tari. Na sa aka watsa magani a cikin rumbunan uku don kada wani abu ya sake fitowa. Da zan fita ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Daga nan na bi sunayen yadda ta ba ni su. Gidan Inna Kande, gidan maƙeri, gidan Lami, gidan Gambo. Ban tsallake ko ɗaya ba, ban kuma sauya jerin ba. Bayan azahar na hau keke na tafi rugar su Daso, na tarar sun tashi, sai tokar murhu da turakun maruƙa. Na koma ofis na rubuta cewa an kammala aiki. Wanda ya yi mini ba'a bai ma ɗaga kai ya dube ni ba; ya riga ya manta da maganar.

Yaya ta sake gwadawa. Ta tara sabon ƙaiƙayi a ɗakin girki, ta jiƙa, ta rufe, ta yi ta yayyafi wata guda. Ya ruɓe kawai. Ta koma masussuka, tsohon tarin kuwa tuni ta kwashe shi da kanta zuwa rumbu. Sai ta koma yin itace tana kaiwa gari a ka, tana yi wa matan masu hali surfe da daka. Ina aika mata da hatsi duk wata. Tana karɓa saboda yara, ta aiko a ce wa Malam an gode. In na je gida ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kwano mai murfi, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da baƙon hukuma. Na fi son ta zage ni. Ba ta taɓa yi ba.

Kafin shekara ta zagayo tari ya kama ta, jiki kuma babu abin da zai yi faɗa da shi. Ba na cewa ni na kashe ta. Kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda da haka kamar yadda kowane Musulmi ya yarda. Amma na san abin da take ci kafin ranar Litinin ɗin nan, na kuma san abin da take ci bayanta.

Ranar Talatar, wajen ƙarfe huɗu, ta buɗe ido ta ce, "Auta." Wata goma sha ɗaya ban ji wannan sunan ba. Na matso. Ta ce, "Ba ka ƙone duka ba. Daso ta zo sallama ana jibi za ka zo. Na cika mata ƙwarya, na naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Na ɓoye maka ne don kada ka bi ta da kekenka." Ta ɗan yi murmushi. Sannan ta ce, "Ka nemo ta. Ka karɓo wa Talatu."

Na ce, "To, Yaya."

Inna Kande ta ji, Talatu ta ji. Bayan minti ashirin aka rufe mata ido.

Yanzu sai dalilan da suka hana ni zuwa, su ma zan jera su. Da farko na ce sai an yi sadakar arba'in. Sannan aka yi mini canjin wurin aiki. Sannan na yi aure. Sannan na ce ai ba a san inda suka nufa ba, wasu na cewa sun koma wajen danginsu ta Damagaram, wasu na cewa kudu suka yi da sauran shanun. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Dalilin shi ne ba zan iya tunanin kaina, duba-garin da ake tsoro, ina bin ruga ruga ina tambayar wata mata ta sammini ruɓaɓɓen ƙaiƙayi ba. Sau ɗaya na je kasuwar Maigatari da niyya. Na tsaya a layin masu nono, na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, bakina ya ƙi buɗuwa. Na sayi fura na sha, na hau mota na dawo. Talatu ba ta taɓa tambayata ba. Duk sallah takan zo gaishe ni, ta zauna kamar mai jiran wani abu, sannan ta yi sallama. Haka muka yi shekara arba'in.

Tun daga lokacin ba na son ruwan farko na damina. Kowa na fita yana shaƙar ƙamshin ƙasa yana hamdala, ni kuwa sai in shige ɗaki in rufe taga. Iyalina sun ɗauka mura nake gudu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne Ummi. Ummi 'yar Talatu ce, sunan Yaya aka sa mata, tana aure a Gumel da 'ya'yanta biyar. Bara wasu masu koyar da sana'a suka zo suka tara mata suka koya musu noman naman kaza, ita ma ta shiga. Ta aiko a ɗauko ni a keke mai ƙafa uku in zo in gani. Na je ban san me za ta nuna mini ba. Tana tura ƙofar wani ɗan ɗaki a bayan gida, ƙamshin ya fito ya tarye ni. Na tsaya cak a bakin ƙofa.

"Shigo mana, Tsoho. Ko angon nawa tsoron duhu yake ji?"

Na leƙa daga inda nake. Ledoji ne a rataye jere jere, cike da buntun shinkafa da garin katako, naman kaza na fitowa ta gefensu fari tas. Ta ce malamar da ta koya musu ta ce wannan sabon abu ne, ba a taɓa yin sa a ƙasar nan ba. Ta ce har ma'aikatan lafiya sun zo sun duba sun yaba da tsabta. Na ce mata jiri nake ji, a mayar da ni gida.

Na yi ta tunanin me Yaya za ta ce da ta ga ɗakin nan. Na san za ta yi dariyar safar hannu da takunkumin da suke sawa. Na san za ta yaba da dabarar dafa buntun a cikin duro kafin a zuba iri, domin ita ta sha asarar tari guda in baƙin ruɓa ya shiga, ba ta kuma san maganinsa ba. Za ta riƙe baki in ta ji cewa yanzu har daga Kano ake aikowa a saya, abin da take ɓoyewa a ƙasan kwando. In ta ji ma'aikatan lafiya sun zo sun yaba, ba na jin za ta ce komai. Za ta dai juyo ta dube ni.

Amma na san tambayar da za ta fara yi, domin ita ce tambayar da ta dame ta har ta mutu: ina irinku? Amsar kuwa ita ce ba su da shi. A kwalba yake zuwa daga wani birni mai nisa. In ya zo a yi aiki, in bai zo ba a zauna. Kuma irin kwalbar nan ba ya son zafinmu. Da bazarar bana ta kama, ledojin Ummi suka bushe ɗaya bayan ɗaya duk da ruwan da take zubawa. Wata uku ɗakin yana rufe. Mata da dama cikin waɗanda suka fara tare sun watsar. Ummi ta sayar da akuyoyinta ta gina ɗakin nan, da shi take sa ran riƙe yaranta a makaranta.

Ta zo gaishe ni tana ba ni labari, ta ce, "Da a ce akwai irin da ya san zafin ƙasar nan, Tsoho, da mun huta."

A ranar na gaya mata. Na fara daga fari, na bi ta kan rumbu uku, da galan ɗin kananzir, da sunaye biyar, har zuwa ƙarfe huɗu da minti ashirin. Ban rage komai ba. Ashe Talatu ba ta taɓa faɗa mata ba. Ta riƙa murza bakin mayafinta. Na jira ta yi kuka ko ta tashi ta fita. Sai ta ɗago ta ce, "A tsakiyar bazara ka ce yana fitowa?"

Na ce, "A tsakiyar bazara."

Ta ce, "To Kaka, yanzu zama za ka yi kana ba ni tausayi, ko tashi za ka yi ka je aiken da aka yi maka?"

Muryar Yaya ce sak. Ban taɓa lura ba sai ranar.

Ƙafata ba ta kai ni ruga yanzu. Ko masallacin ƙofar gida sai da sanda. Kuma ni ba yaro ba ne, na san ƙaiƙayi a ƙwarya ba ya shekara hamsin. Mai yiwuwa ya bushe a hanya tun kafin su yi zango na biyu. Amma na san Daso. Matar da ta saba rage na jiya ta zuba wa na yau ba ta barin abu ya yanke a hannunta da sauƙi. In ta isa inda za ta da shi da rai, to ta zuba wa sabo, ta kuma ba wata, kamar yadda aka ba ta.

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Kulu, ba ni da abu mai yawa da zan nuna. Rumbunan sun rushe, an yi ɗaki a wurin. Ba ta da hoto ko ɗaya. Kabarinta ya baje, ni kaɗai na san daidai inda yake. Akwai jika mai sunanta da muryarta. Akwai aikin da ta gano da hannunta a shekarar da masu ilimi suka rasa abin yi, wanda yau ake koya wa jikarta a matsayin baƙon abu. Sai kuma ƙwarya ɗaya da ta fi ni wayo ta fitar daga gidan kafin in iso. Abin da ta roƙe ni in bari ke nan na hana, ashe ta riga ta ba wadda ta fi ni riƙon amana.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu, kuma shi ma zan faɗe shi a jere. Daso doguwa ce, fara, tana da wushirya, da tabon ƙuna a wuyan hannunta na hagu. Sunan mijinta Bello. Sun tashi daga rugar da ke tsakanin Ɗanzomo da Maigatari a bazarar da ta biyo bayan babban farin nan. In kana da kaka ko goggo Bafillatana, a wannan gefen iyaka ko a wancan, ka je ka tambaye ta ko ta san ta. In ka taɓa ganin wani gida, ko a ina ne, da mata ke jiƙa ƙaiƙayi a rumbu ko a tukunya suna rage na jiya su zuba wa na yau, kada ka ce ƙazanta ce, kada ka taɓa, ka tambayi daga wa suka gada. Abin da ka samu, ko suna ne kawai, ko sunan gari, ka aiko ta hannun editan wannan shafi, zai iso gare ni. In iri ne da kansa, Ummi za ta zo ta karɓa a madadin uwarta.

In kuwa ke 'yar Daso ce ko jikarta kike karanta wannan, ki sani ƙanin Kulu ne ke sallama a ƙofarku. Ya makara da shekara hamsin, kuma ba da kaki ya zo ba. Ƙwarya ɗaya yake roƙo.